Usur a Wuyan Madam

Kafin a maido ni sashen Agiye, na daɗe ina koyarwa a wani ƙauye na yankin Gidan Rumji, can kusa da iyaka. A nan na fara jin ƙarar bindiga da kunnena. Da hantsi ne, ina tsaye gaban allo. Ba lakol ɗinmu, wato makarantarmu, aka nufa ba, shanun wata unguwa aka zo kora, amma yara ba su tsaya tambaya ba. Kafin in ajiye alli aji ya watse. Wasu suka bi ta ƙofa, wasu suka keta zana suka faɗa gonaki. Iyaye kuma suka kwararo suna kiran ƴaƴansu, har da mata masu goyo, a kan hanyar da masu bindigar ke bi da motocinsu masu ƙafa biyu. Wata ƙaramar yarinya ba a gan ta ba sai gab da magariba, a cikin wani tsohon rumbu, ta kasa ko buɗe baki. Ba mu rasa yaro ko ɗaya ba, amma daga ranar aji ya yi ta ramewa har aka rufe lakol ɗin, aka rarraba mu.

Ni aka kawo ni wani gari kudu da Cadawa, ni da matata da yaranmu. Lakol ɗin nan tana da azuzuwan siminti masu ƙofar ƙarfe, sauran kuwa na zana ne da ake sabuntawa duk bayan girbi. Babu katanga, babu shinge. Amalanke na ratsa tsakar fili ranar kasuwa, awaki na leƙo mu ta taga. Daraktanmu dattijo ne mai sanyin hali, ya kusa ajiye aiki. A cikin malaman akwai wata yarinya ƴar Tibiri, ba ta daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ba. Yara na ce mata Madam, mu ma muka bi su.

Tun zuwana nake magana. Duk taron malamai sai na tayar da zancen shinge, da zancen abin da za mu yi in wata rana aka ji harbi. Darakta yakan saurare ni har in gama, sannan ya ce Allah ya kiyaye, nan ba can ba ne. Sauran kuma sai su sunkuyar da kai. Na san abin da suke faɗi in na ba da baya, wai tsoro ne ya biyo ni daga yamma. Har na gaji na yi shiru.

Sai labari ya fara matsowa. Yau a ce an tare ƴan kasuwa a hanyar Gazawa, gobe a ce an kore garke a wata ruga. Ana cikin haka saƙo ya zo daga buron sufeto, ofishin mai duba makarantu, cewa kowace lakol ta tura malami ɗaya Maradi, za a horar da su kan yadda ake kare yara in ƴan bindiga sun shigo. Ko kaɗan ban yi shakkar ni ne ba. Wa ya gani in ba ni ba? Matata har ta wanke mini babbar rigata ta goge, ta ninke a kan akwati.

Darakta ya kira ni gindin itacen bedi bayan an tashi. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar iyali, ya yabi rubutun yaran ajina, sannan ya ce masu shirya horon sun fi son matasan malamai, musamman mata, kuma wanda hannunsa ya saba da babbar waya. Madam za ta tafi. Ya ƙara da cewa in taimaka in riƙe ajinta kafin ta dawo, tunda ni ne babba.

Na ce to, Allah ya sa alheri. Na koma gida na tarar da rigar a inda take. Matata ta dube ni, ta ɗauke ta ta mayar cikin akwati.

Kwanakin da Madam ta yi a Maradi na yi su ina zarya tsakanin aji biyu, zuciyata kuwa tana can. Ina ta zana ta a raina zaune a ɗaki mai fanka, ana nuna musu hotuna, ana ba su shinkafa da nama, wani da bai taɓa jin harbi ba yana koya wa wata da ba ta taɓa ji ba. Ina da shekarun da na isa in haife ta, amma sai na tsinci kaina ina ƙyashin sa'ar ƴar cikina kamar yaron da aka hana shi bin uwarsa kasuwa.

Ta dawo da usur a wuya, rataye da jan zare. Washegari ta zo gidana da la'asar, ta durƙusa ta gaida matata, sannan ta zauna nesa da tabarmata ta ce tana so in ba ta labarin abin da ya faru a can, tun daga farko.

"Mushe, ku kun gani, ni karantawa kawai na yi," in ji ta, don Mushe ake ce wa malami namiji a lakol.

Na so in taƙaita, amma ta iya sauraro. Ta tambaye ni ta ina yara suka fi gudu, da su wa suka fara isowa cikin iyaye, da dalilin da ya sa yarinyar nan ta zaɓi rumbu. Kafin in farga na zazzage mata duk abin da na daɗe ina riƙe da shi.

Ranar Juma'a bayan an sauko, maigari ya tara mutane a ƙofar gidansa. Madam ta tsaya gefe, lulluɓe da mayafi, ta yi magana a hankali. Ta ce lakol na bukatar shinge. Ta ce dole yara su san inda za su nufa tun kafin ranar ta zo. Ta ce iyaye su daina tunanin rugawa lakol in an ji harbi, domin a hanya ake gamuwa da masifa. Duk maganata ce, wasu ma da kalmomina. Dattawan da suka saba kallon ƙasa in ina magana suka yi ta gyaɗa kai. Darakta, wanda ya sha gaya mini nan ba can ba ne, ya ce wallahi wannan shi ne gaskiya. Ta ambace ni kuwa, ba ta ɓoye ba. Ta nuna ni ta ce ga Mushe nan, a gabansa aka yi. Mutane suka juyo suka dube ni da tausayi, suka maida ido wurinta. Ni na zama misali, ita ce mai bayani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba maganata kaɗai ta zo da ita ba. Da haka ne da na samu abin riƙewa. Ta zo da abubuwan da ko sau ɗaya ba su taɓa faɗo mini ba. Ta ce busa iri biyu za a koya wa yara: doguwa ɗaya tana nufin a shige a kulle, gajeru a jere suna nufin a fita ta baya. Ta ce ƴan ajin zana ba su da abin kullewa, don haka a nema wa kowane aji gidan da zai karɓe shi a cikin gidajen da ke bayan lakol, matan gidan su san da zuwansu. Ta ce a haɗa kowane babban yaro da ƙarami ɗaya, ya san shi, ya san gidansu, kada ya motsa sai da hannunsa a nasa. Ina zaune ina jin wannan, ina tuna yarinyar rumbu. Da na san da wannan dabara a lokacin, da ba ta wuni ita kaɗai a cikin duhu ba. Na ji haushin dabarar saboda kyanta.

Aiki ya kankama. Maza suka sari itacen aguwa da ƙaya suka kewaye fili, aka bar babbar ƙofa a gaba da wata ƴar ƙarama a baya wadda ke fita lungun gidaje. Masu amalanke suka yi ta gunaguni don an toshe musu hanya, daga baya suka saba da zagayawa. Maƙerin gari ya ƙera sakatu masu kauri ya sa wa ƙofofin siminti ta ciki. Ni ma na yi aiki, ƙaya ta tsaga mini tafin hannu, ba wanda zai ce na noƙe. Amma in mutum ya wuce ya ga shingen, sai ka ji ya ce aikin Madam ya yi kyau.

Saura Fulanin da ke rugar gabas da gari. Yaransu na zuwa lakol daga nesa, kuma su ne ke fara ganin abin da ke motsi a daji. Madam ta ce ba zai dace ita ta je gaban ardo ba, ta roƙe ni in je, tunda na tsinci ɗan Fulatanci a zamana na yamma. Na ji daɗin roƙon fiye da yadda na nuna. Na hau kabu-kabu na tafi.

Ardo tsoho ne dogo, Hausarsa na fita a hankali kamar yana auna kowace kalma. Aka kawo mini nono a ƙwarya. Na yi masa bayani cewa muna so ya kira mu in ya ga ƴan bindiga tafe.

"Malam, mu ake fara ci, mu kuma ake fara zargi," ya ce. "In na kira ku na ce ga mutane nan tafe, gobe wani a garinku zai ce ta yaya na sani."

Na ce masa ni zai kira, ba gari ba, kuma ni na san abin da ake yi wa makiyaya don na zauna da su. Muka yi ta magana har rana ta karkata. A ƙarshe ya sa aka ɗauki lambata a wayarsa. Na dawo ina jin cewa wannan kam nawa ne, ba a koyar da shi a Maradi.

Aka fara gwaji. Ranar farko abin dariya ne: yara na ihu, suna ture juna, wani ya koma ɗaukar takalminsa, wata ta fashe da kuka don ta ɗauka gaske ne. Madam ba ta yi faɗa ba. Ta zaunar da su ta ce wannan wasa ne da ake yi da shiru, ajin da ya fi kowa shiru shi ya ci. Aka yi ta maimaitawa, wani lokaci ana tsakiyar darasi, wani lokaci ana hutun cin abinci, har ya zama in ta busa, kafin ka juya fili ya zama wayam, ba ka jin komai sai kukan kurciya a kan bedi.

Har gida abin ya biyo ni. Ƴata ta tsakiya, wadda ke ajin Madam, ta samo wani guntun kara ta rataya a wuya da zare, tana tara ƙannenta da yaran maƙwabta tana kwantar da su bayan randa. Komai sai ta ce Madam ta ce. Wata rana na kasa haƙuri na gaya mata cewa ni na fara faɗin wannan magana tun Madam ɗinta ba ta san hanyar garin nan ba. Yarinyar ta dube ni da mamaki, ta ce to Baba me ya sa ba a ba ka usur ba? Matata na bakin murhu, ta yi dariya har ta ƙware da hayaƙi. Da yara suka fita ta ce mini in ji kunya, da furfurata ina kishi da ƴar mutane. Na ce ba kishi ba ne, gaskiya ce nake so a faɗa. Ta ce gaskiyar ai an faɗe ta, bakin da ya faɗa ne bai yi mini ba.

Sufeto ya zo da kansa ya ga gwaji, ya ɗauki hotuna, ya ce za a kawo daraktocin wasu garuruwa su koya. Gidan rediyon yankin ya gayyaci Madam. Ranar da aka sa hirar, na zauna a zaure da ƴar rediyota a kunne, ina yi kamar labarin farashin hatsi nake jira. Ta yi magana mai kyau. Ta gode wa maigari, da iyaye, da maƙeri, da abokan aikinta. Ina cikin abokan aikin nan, a dunƙule da kowa.

Ranar da abin ya zo, damina ta fara, gero ya ɗan tasa, ana shirin jarrabawar ƙarshen shekara. Ina rubutu a allo wayata ta yi ƙara. Ardo ne. Bai yi sallama ba, ya ce ga su nan ta ƙoramar gabas, suna da yawa, da bindigogi, ya kashe. Na fita da gudu zuwa ajin Madam na gaya mata. Ba ta tambaye ni ko na tabbata ba. Ta fito tsakar fili ta yi doguwar busa, ta juya wajen azuzuwan zana ta yi gajeru.

Na koma ajina, na siminti ne. A bakin ƙofa na ji harbin farko daga nesa. Duk abin da na baro a yamma ya dawo mini a lokaci guda. Na kama sakata, hannuna na rawa, na kasa zura ta. Wasu manyan ƴan mata biyu na ajin suka karɓa suka kulle, suka rufe tagogi, ba tare da na ce musu komai ba. Da na juya, yara duk sun kwanta a ƙasa jikin bango, kowa da hannunsa a bakinsa, kamar yadda aka koya musu. Na zauna a cikinsu.

Akwai wata ƴar kafa a jikin tagar ƙarfe. Ta nan na hango Madam. Tana tsaye a ƙaramar ƙofar baya, tana taɓa kan kowane yaro da ke wucewa, manya riƙe da ƙanana. Ƴata ta wuce, da hannun wani ɗan aji ɗaya a nata. Da na ƙarshe ya fita, Madam ta leƙa kowane ajin zana, ta duba bayan gida, sannan ta bi su ta ja ƙofar. Tafiya take yi, ba gudu ba. A wannan hali, ina addu'a a ɓoye, sai da na ji ƙyashin tafiyar nan tata.

Ba su shigo gari ba. Shanu suka zo nema, suka kora abin da suka kora daga ruga suka bi ƙorama suka yi kudu. Darakta ya riga ya kira jandarma, suka iso bayan azahar. Abin da ya ba ni mamaki shi ne iyaye. Ko mutum ɗaya bai zo ƙofar lakol ba, kowa ya zauna inda yake har maigari ya aiko a buɗe. Aka tara yara gindin bedi, kowane malami ya kira nasa, kowa ya amsa. Yaran ruga aka raba su gidaje suka kwana a gari.

Kashegari na je yi wa ardo jaje. An harbi wani ƙanensa a cinya, an kai shi asibitin Agiye, kuma mafi yawan shanun gidansa sun tafi. Muka zauna a kan buzu. Can ya tambaye ni ko yara lafiya. Na ce lafiya lau, albarkacin kiransa. Ya ce to madalla, a gaida yarinyar nan mai usur, jikokinsa sun ba shi labarinta.

Labari ya bazu har Gazawa. A tashar mota, a kasuwar Cadawa, ko'ina ana cewa wata malama ta tserar da yaran lakol guda. Ban taɓa jin an ambaci kiran ardo ba, shi da ya tsaya neman lambata ana kora masa dukiya. Wannan na yi ta gyara wa mutane duk inda na ji, kuma ba zan ce don ardo kaɗai nake yi ba. Rawar hannuna kuwa, ƴan matan ajina ba su gaya wa kowa ba, ni ma ban tayar ba sai ga matata. Ita ce ta ce mini matar gidan da Madam ta ɓuya a ciki ta gaya mata cewa da aka buɗe ƙofa, Madam ta kasa tashi daga inda ta zauna, sai da aka kama ta. Na saurara, amma abin bai rage mini komai ba. Ita ta jira sai da aiki ya ƙare.

Da aka dawo hutu, aka ɗauke ta zuwa buron sufeto a Agiye, don ta riƙa zagaya makarantu tana koya musu. Aka yi mata ɗan taron sallama a fili, da lemo da ƙosai. Darakta ya ce ni zan yi magana a madadin malamai, tunda ni ne babba. Na tashi na faɗi abin da na gani ta kafar taga, ban rage ba, ban ƙara ba. Mata suka yi guɗa. Madam ta rufe fuska da mayafi. Na zauna ina jin kamar na ɗauki gonata na ba wani da hannuna, alhali ko kalma ɗaya ban faɗa ba wadda ba gaskiya ba.

Yanzu ni ke kula da gwajin. Shingen aguwa ya yi kauri, mun ƙara gida ɗaya a cikin masu karɓar yara, kuma na sa an haɗa mu da masu kabu-kabu na tasha, su ma suna kira in sun ga abin da bai kwanta musu ba. Madam takan biyo ta garinmu jefi-jefi a motar buro, ta sauko ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi matata. Kwanan baya ta gaya mini ana maganar tura ta Yamai wani ƙarin horo. Na yi mata addu'a, da gaske nake yi. Da motar ta tashi na tsaya a bakin ƙofa ina kallonta har ta sha kwana wajen masallaci, sannan na tuna na bar yara da lissafi a allo, na koma ciki.